Hajiya Karimatu da Damisar Ranthambore

Duk wanda ya san Hajiya Karimatu a unguwar Catford ya san baƙar jakar nan da ba ta sauka daga kafaɗarta. Ungozoma ce, haifaffiyar Gusau, ta daɗe tana karɓar haihuwa a wani asibiti a kudancin Landan. Kyamara ce a jakar, da dogon gilashin da ke jawo nesa kusa.

Ɗanta Suhaib ne ya bar kyamarar a gidansu lokacin da ya samu aiki a Leeds. Wata safiya tana wanke-wanke ta hango yanyawa zaune a kan katangar bayan gida tana hamma, sai ta ɗauko kyamarar ta danna. Hoton ya fito dishi-dishi, amma ta kasa daina kallonsa. Tun daga ranar abin ya shiga ranta. Duk ranar da ba ta da aiki sai ta nufi Richmond Park, ta tsuguna cikin ciyawa da abayarta da takalmin ruwa, tana jiran barewa mai ƙaho kamar reshen itace ta ɗago kai. Ta ɗauki tsuntsayen bakin kogin Thames, ta ɗauki tsoffin gadoji da fadoji. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne damisar Indiya, ja mai baƙin ratsi.

Ana nan sai aka kai yayanta, Alhaji Nata'ala, daga Gusau zuwa birnin Jaipur na Indiya domin a yi masa aikin gwiwa. Karimatu ta ɗauki hutu ta je jinya. Aiki ya yi kyau. Da ya fara takawa da sanda, takan ɗan fita da hantsi ta ɗauko masa hotunan tsoffin gine-ginen garin da birai a kan ganuwa.

Ran nan yana kallon hotunan ya ce, "Karime, ina damisar da kike cika mana kunne da ita a waya?"

"Tana dajin Ranthambore, Yaya, da ɗan nisa. Na haƙura, jinya ce ta kawo ni."

"Ai jinya ta ƙare. Nemo mana mota, da ni za a je."

"Da wannan gwiwar?"

"Sabuwa ce fil. Ta fi taki ƙwari."

Da likita ya amince, nan take ta kama musu gurbi a motar daji, tana dariya ita kaɗai kamar yarinyar da aka ɗinka wa kayan Sallah.

Fitarsu ta farko a buɗaɗɗiyar motar daji sun ga dawisu, sun ga kada yana shan rana, amma damisa sai sawunta a ƙasa. Washegari da sassafe suka koma. Suna daf da wani tafki, inda kangon wani tsohon gini ke tsaye da matakalarsa har bakin ruwa, sai birai suka kaure da ihu a saman itatuwa. Direba ya kashe mota, ya ɗora yatsa a leɓe.

Daga ƙofar kangon damisar ta fito. Ta tsaya a saman matakala, rana ta haske mata gadon baya, ta dubi motar kamar ba ta ga komai ba. Karimatu ta ɗaga kyamara. Gilashin ya yi nauyi, damisar sai ficewa take yi daga hoton.

Alhaji ya kafa sandarsa a ƙasan motar, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya yi mata raɗa, "Ɗora a nan."

Ta ɗora. Hoto ya tsaya cak. Tana cikin dannawa sai ga 'ya'ya biyu sun gangaro bayan uwar suna tuntuɓe da juna, ɗaya har ya kai wa wutsiyarta cafka. Alhaji sai maimaita "Tabarakallah" yake yi ƙasa-ƙasa. Uwar ta sha ruwa, ta lashe kan ƙaramin, sannan ta ja su suka shige ciyawa.

Da motar ta tashi, Karimatu ta rungume yayanta, hawaye na zuba tana dariya.

Ranar da ta sauka a filin jirgin Heathrow, 'yarta Zarah ce ta zo ɗaukarta. Ko gaisawa ba su gama ba ta ciro kyamara a wurin ajiye motoci. Zarah ta leƙa, ta dafe baki, ta tambaya da Turanci ko da gaske Mama ce ta ɗauki wannan.

"Ni da kawunki," in ji Karimatu. "Tsaya ki ga na gaba, nan ne ɗan ya kai wa wutsiyar uwar cafka."

Akwatuna na gefe, su biyun suna jingine da mota, sai da suka kalli hotunan kaf kafin Zarah ta tuna inda ta sa makulli.