Mutumin da Yake Riga Mu Hawa Dutse

Ranar Asabar, in an idar da sallar asuba, Malam Ishiyaku ba ya komawa shimfiɗa. Zai zauna a ƙofar ɗaki, matarsa Barira ta miƙo masa koko, ya sha rabi ya ture saura. Daga nan ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaure gwiwarsa ta hagu da tsumma, ya ja, ya ƙara ja, har sai zafin ya lafa. Sai ya ɗauki sandarsa da tsohon buhun taki, ya nufi dutsen da ke bayan ƙauyensu, a yankin Lausu ta ƙasar Rano.

Shi ne farkon hawa. Yana duba inda ƙudan zuma suka sauka a makon, da inda ruwa ya kwanta ya sa dutse santsi, da kogon da maciji ya bar saɓarsa. Ya sare ƙayar da ta tare hanya. Kafin motocin Kano su iso da samari da 'yan mata masu jakunkuna a baya, ya riga ya sauko, yana gindin ɗorawa yana mayar da numfashi. Ya ce musu su bi ta dama, hagu akwai zuma. Wasu su ce sun gode, wasu ko waiwaye ba sa yi. Da la'asar, in sun watse, ya sake hawa, wannan karon da buhu a buɗe: robobin ruwa, leda, gwangwanin lemo, takardar tsire.

Babu wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Ba ƙaramar hukuma ba, ba mai unguwa ba, ba mu masu hawan ba.

Ni ɗan Durba ne ta Kibiya. Aiki ya kai ni Kano, hayaƙi da cunkoso suka sa nake bin masu fitowa hawan dutse a ƙarshen mako, tun abin bai zama yayi ba. Don haka na san farkon maganar. Gonar Malam Ishiyaku ce a gindin dutsen, baƙin farko kuwa ta cikin gyaɗarsa suka ratsa. Da wani ne, da fartanya zai rako su. Shi da damina ta zagayo sai ya bar kunyoyin gefe bai shuka komai ba.

Barira ta ce masa, “Malam, gonar da ba ta ishe mu ba, ita za ka yi wa mutanen birni titi?”

Ya ce, “Ko na bari ko ban bari ba, takawa za su yi. Gara in nuna musu inda za su taka.”

Buhun kuma akuya ce ta jawo shi. Barira tana da wata akuya mai ciki, ta daina cin abinci, ta rame, cikinta ya kumbura. Da aka ga za ta mutu aka yanka ta, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Malam Ishiyaku bai yi wa kowa faɗa ba. Asabar ta gaba ya hau da buhu. Yau shekara goma sha wani abu ke nan.

Maharazu direba, wanda motarsa ta fi kowace kawo mutane nan, shi ya ba ni labarin Humaira. Ɗaliba ce, zuwanta na farko. A hanyar saukowa akwai wani wuri mai gangara inda dutsen ya yi sumul kamar bayan faranti. Da ta iso nan ta leƙa ƙasa, sai ƙafafunta suka ƙi. Ta durƙushe, ta damƙe wani ɗan tsagi da yatsu, ba gaba ba baya. Ga hadari ya taso daga gabas, in kuwa ruwa ya taɓa wurin, ko akuya ba ta tsayawa. Ƙawayenta na ta kiran sunanta daga ƙasa, kiran yana ƙara firgita ta.

“Tsohon nan ya hau,” in ji Maharazu. “Na ɗauka jan ta zai yi. Sai na ga ya zauna daɓas a kan dutse, ɗan nesa da ita, kamar mai jiran a kawo abinci.”

Malam Ishiyaku ya ce mata, “'Yata, daga wace unguwa?”

Ta ce, cikin kuka, “Baba, ba zan iya ba. Faɗuwa zan yi.”

“Wanda yake zaune ba ya faɗuwa. Zauna kamar yadda na zauna. Yawwa. Kama bakin sandar nan. Kada ki kalli ƙasa, kalli hulata. Ni ma da gindi nake sauka a nan, gwiwa ta ƙi.”

A lokacin gwiwar ba ta kai ga haka ba. Ya faɗa ne don kada kunya ta ƙaru a kan tsoro. Haka suka sauko da jan gindi, dattijo mai furfura a gaba, yarinya a baya, taku kaɗan hutu kaɗan, yana tambayarta ko a gidansu ana tuwon dawa. Yayyafi ya fara suna isa ƙasa. Wandonsa ya yage, fatar cinyarsa ta saɓule. Ƙawayen suka rungume ta, aka shige mota da gudu saboda ruwa. Maharazu ya ce sai da suka wuce Rano yarinyar ta ce, “Wayyo, ban ko tambayi sunansa ba.”

Kai ne tsani, Malam. A taka ka a hau, a bar ka a jingine.

Abin da ya fi wannan nauyi kuwa da idona na gani. Kaka ce, ciyawa ta bushe, an yanke dawa an tara dammuna a gonaki. Wasu samari suka hau da nama, suka hura wuta a sama don gashi. Iska ta ɗauki garwashi. Kafin a ce me, wuta ta gangaro ta bayan dutse, ta faɗa gonar Lado, maƙwabcin Malam Ishiyaku. Mutanen gari suka fito da ɗanyen reshe da bokitai. Da aka ci ƙarfinta, abincin shekarar Lado ya zama toka.

Samarin suka gudo suka shige motarsu suka kulle. Jama'a suka kewaye ta da sanduna. Wani ya ɗauki dutse. Ina tsaye a gefe, na san in gilashi ɗaya ya fashe ba mai iya tsayar da abin da zai biyo baya.

Malam Ishiyaku ya ratso mutane yana ɗingishi. Gemunsa ya babbake gefe guda, tafin hannayensa sun tashi. Ya jingina bayansa da ƙofar motar.

Lado ya ce, “Matsa, Ishiyaku! 'Ya'yana me za su ci? Hoton da baƙin nan ke ɗauka?”

“Gaskiyarka, Lado. An cuce ka.”

“To matsa!”

“Ba zan matsa ba. Ni na buɗe musu hanya, ta gonata suka wuce. In duka ne, fara ta kaina. In hatsi ne, rumbuna yana nan, a raba. Amma 'ya'yan mutane ne, da ransu suka zo, da ransu za su koma.”

Lado ya kalle shi, ya kalli sandar da ke hannunsa. Sannan ya jefar da ita, ya juya yana share ido da hannun riga. Aka kai maganar gaban mai unguwa, aka kafa dokar hana wuta a kan dutsen. Samarin suka yi rantsuwa za su dawo su gyara ɓarna. Ɗaya ya dawo, da mahaifinsa da abin da ya sawwaƙa. Sauran har yau.

Rumbun kuwa an raba. Barira ta gaya mini a waccan shekarar tun kafin ruwa ya sauka suka koma cin tuwo sau ɗaya a yini. Kuma ba a gode masa a gari ba. Wasu cewa suka yi shi ya jawo musu baƙin, shi ya saba musu. Lado ya karɓi hatsin, amma ya daɗe gaisuwarsu ba ta wuce ta masallaci ba. Mutanen birni suna ganinsa ɗan ƙauyen da ke tsintar roba ya sayar, mutanen ƙauye suna ganinsa yaron mutanen birni. Ya tsaya a tsakiya shi kaɗai.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kai ka dafa, Malam, romon mu muka sha.

Bana gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. Likita ya ce in ya sake hawa, wata rana sai dai a sauko da shi. Na je gaishe shi makon jiya, na same shi a zaure, ƙafar a miƙe bisa buzu. Na tambaye shi ko yana kewar dutsen.

Ya ce, “Na gaji, ɗan nan. Ba zan ɓoye maka ba. Ba hawan ne ya gajiyar da ni ba, sunkuyon ne. Ka kwashe yau, Asabar ka tarar kamar ba ka taɓa zuwa ba. Abin da mutum ya hau da shi a cike, ya kasa saukowa da shi ba komai a ciki.”

Ya gyara ƙafar a bisa buzun.

Ya ce, “Ina jin ku kuna cewa daga sama ana hango kwanon gidajen Rano yana walƙiya, da hanyar Kibiya kamar zare. Rabona da in tsaya in kalli wannan tun ina kiwon awaki. Kullum kaina a ƙasa, ina neman leda.”

Na ce masa mu da muke da ƙarfi za mu haɗu mu ɗauke shi a kafaɗa, mu kai shi sama, ya zauna ya kalla har ya ƙoshi. Ya yi dariya har da tari.

“Ku bari. Ɗaukar da za a yi mini a kafaɗa tana nan tafe, ba sai kun yi gaggawa ba.”

Barira ta ce daga cikin gida, “Malam, wace irin magana ce wannan?” Ya ce, “Wasa nake yi.” Amma bai ƙara dariya ba.

Malam Ishiyaku, mun gode. Mun gode da gefen gonarka, da hatsin rumbunka, da fatar hannunka, da gwiwar da ka ƙarar a kan nishaɗin mutanen da ba su san sunanka ba. Inna Barira, ke ma mun gode, don ke kika auna tuwon shekarar da bai isa ba. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa wahalar nan ta zama nauyi a mizani.

Ku kuma 'yan'uwana masu fitowa daga birni ku sha iska, a nan da duk inda dutse yake kusa da gonar wani: ku tsaya ku yi sallama, ku tambayi sunan mai wurin. Ku bar wuta a gida. Kada mu zauna jiran Allah Ya kawo wani Ishiyaku, don ba adalci ba ne a sake neman mutum ɗaya ya sunkuya a madadin kowa. In kowannenmu ya sunkuya sau ɗaya, ba wanda bayansa zai ƙage.