Na-Ƙofa

Ɗalibansa Malam suke ce masa, amma tsofaffin abokan karatunsa har gobe Na-Ƙofa suka sani. Tun shekarar farko a jami'a sunan ya bi shi, don duk ajin da aka shiga, kujerar bakin ƙofa tasa ce. In wani ya riga shi, sai ya tsaya a kansa yana zuba barkwanci har mutum ya tashi yana riƙe da ciki. Kowa ya ɗauka shaƙiyanci ne.

Ba wanda ya san dalili: a hannun kawunsa ya tashi, mutumin da ba ya duka, sai kulle. Ka fasa kofi ko ka daɗe a aike, sai ɗakin ajiya: buhuna, warin kananzir, ɗan haske ta ƙasan ƙyaure. Tun yana kuka har ya koyi ba kansa dariya a ciki.

Ɗakinsu na jami'a gado biyu ne da risho, sai fanka mai kukan tsohuwar akuya. Abokin zamansa Dogo, wanda ya rasa uwa yana ƙarami ya raini ƙannensa, shi in ransa ya ɓaci wanki yake yi, har kayan da ba su yi datti ba.

Ranar wata jarrabawa, malamin da ke tsaronsu ya murza makulli saboda masu makara. Gumin Na-Ƙofa ya jiƙa takardar. Ya tashi ya yi ta dukan ƙofa har aka buɗe masa.

Da la'asar ya tarar da Dogo a bakin famfo.

"Yau ba barkwanci?" in ji Dogo.

"Ya ƙare."

"To kama min zanen gadon nan mu matse."

Suna matsewa ya amayar da abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Dogo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Gobe mu je wurin matar nan mai ba ɗalibai shawara. Ni ma ina da magana, hannuna ya gaji da sabulu."

Suka yi ta zuwa. Ba a rana ɗaya ya samu sauƙi ba, darasin da ya bar jarrabawarsa ma sai da ya maimaita shi, amma ya gama. Kawun ya tsufa a hannunsa. Ya yi jinyarsa, ba su taɓa tada zancen ba. Dogo kuwa aiki ya kai shi nesa, sai gaisuwar waya jefi-jefi.

Bara ya raka 'yarsa ta fari jami'ar. An rushe ɗakunansu, an yi wurin ajiye motoci. Ya tsaya yana nuna mata inda kowa yake kwana, yana kiran sunayen mutanen da ba ta sani ba.

"Baba, rana fa," ta ce.

Ya sunkuya ya ɗauki akwatinta.