Oba-oba Huɗu a Buhun Taki

Shekarun baya, lokacin da tsaro ya taɓarɓare a yankinmu na wajen Shanono, ina karanta labarai a gidan rediyo. Wata rana aka miƙo mini sanarwa: duk masu oba-oba, wato rediyon hannu na kiran juna, su kai a yi musu rajista, domin a haɗa su layi ɗaya da 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Sau uku na karanta ta, da muryar nan tawa mai sa a gaskata magana. Har ni kaina na gaskata.

A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Abin da muke da shi oba-oba huɗu ne na 'yan sintiri, ɗaya a kowace unguwa, kuma abokina ne shugabansu. Da na je gida na same shi yana gyaran jinkar rumbu.

Na ce, "Kawo su in kai. Doka ce, kuma mako biyu aka ce."

Ya dube ni. "Malam, kai ka rubuta ta, ko karantawa kawai ka yi?"

"Karantawa."

"To, shi ke nan." Ya tattaro su daga unguwanni, ya zuba a buhun taki ya miƙo mini.

A ofis aka karɓa, aka ba ni 'yar takarda. Mako biyu ya zama wata biyar. Yau kwamiti bai zauna ba, gobe ana jiran majalisa ta gama gyaran dokar. Har masinja ya daina tambayata wurin wa na zo.

Bayan girbi, ranar kasuwa da tsakar rana, wuta ta kama karan da ke bayan gidan abokina. Maza duk suna kasuwa, oba-oba kuwa suna birni. Matarsa ta yi ta kururuwa. Kafin a sami mai babur ya kai labari, rumbu biyu sun ƙone, gero da dawar shekara guda.

Bai yi mini gori ba. Da na je jaje, cewa ya yi, "Allah ya kiyaye gaba. Ka ci abinci kuwa?" Aka kawo tuwo. A kwanon maƙwabta.

Daga baya an dawo da oba-oban, kowace da lambar rajista, batir ya kumbura. Abokina ya aiko mini da ɗaya, wai in ajiye tunda ni ne mai doka.

Har yau ban ce dokar ba ta da amfani ba. Amma da na bar biyu a gida. Wadda ya aiko mini tana nan kan teburina, kuma duk sanarwar da za ta fita daga bakina, sai na fara kallonta.