Ƙwallon Damben Usta Mitwalli

Duk wanda ya taɓa sa wando mai karin guga a unguwarmu ta Karmuz, a nan Iskandariyya, ya san Usta Mitwalli. Usta laƙabin gwanin sana'a ne a wurinmu. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana guga da ƙafa a ɗan shagon da ke jikin gidan burodi. Dutsen gugarsa ko ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. A gasa shi a wuta, a ɗora kan tufa, Usta ya riƙe doguwar mariƙar da hannun dama, ya taka da ƙafa yana turawa a duƙe, yana fesa ruwa da baki. Hannun hagu kuwa gudu yake yi a gaban ƙarfen yana miƙe yadi, ya janye kafin zafi ya iso. In ya makara da ƙiftawar ido, ko tufa ta ƙone ko yatsu.

Kafin guga, dambe ya yi. Yana saurayi ya shekara huɗu a wata ƙungiya ta ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ya kara sau goma sha ɗaya ya ci bakwai, amma in shi ke ba da labari ba za ka taɓa jin ɗuriyar sauran huɗun ba. Da mahaifinsa ya rasu shago ya dawo kansa, ya ajiye safar hannu. Abin da dambe ya bar masa shi ne karkataccen hanci da wani tsohon kati mai hotonsa, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa.

Bara da sanyi hawan jini ya kayar da shi a bakin shago. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun hagu ne ya koma malalaci. Ranar da ya matsa sai ya koma aiki, ya ƙone wandon wani malamin makaranta, ya haɗa da yatsunsa biyu. Ɗansa Subhi, direban bas, ya rufe shagon a ranar. Ya ce akwai mai sayar da wayoyi da ya daɗe yana son wurin, ya ba uban daga nan zuwa ƙaramar salla, in hannu bai dawo ba za a ba da shago. Ba mugunta ba ce, tsoro ne ya kama shi. Amma Usta Mitwalli ya ji maganar kamar an ce ya shiga ɗaki ya jira mutuwa.

Likita ya ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu ya matsa ya jefa wa kyanwa. Shi a ganinsa hannun ba ƙarfi ya rasa ba, lokaci ya ɓace masa, kuma abu ɗaya ya sani a duniya da ke koya wa hannu lokaci. 'Yar ƙwallon fatar nan ce ta 'yan dambe da ake ratayewa a ƙarƙashin faifan katako, ka naushe ta, ta bugi katakon ta dawo maka kafin ka shirya. Tun da tunanin ya faɗo masa mutumin da ya yi wata biyu ba ya magana ya hana kowa sakat a gidan.

Ranar da za a sayo ko waken karin kumallonsa bai ƙarasa ba. Ya biya ya ɗauko amininsa Usta Jirjis kafinta, suka hau bas zuwa kasuwar Manshiyya, yana ta naushin iska har wata tsohuwa ta canza kujera. A kantin kayan wasanni ya bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ya shafa ɗinki, ya shinshina. Na roba ko kallo ba su ishe shi ba, fata yake so. Sai ya nuna wadda ta fi duka ƙanƙanta. Mai kanti ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ƙaramar ta ƙwararru ce, gudunta ya yi yawa, mai farawa babba yake ɗauka. Kalmar mai farawa ce ta ɓata komai, Usta ya soma lalubo katinsa.

“Mai da katin nan aljihu, Abu Subhi,” in ji Jirjis. “Kai da ƙuda ke sauka a hannunka ya gama hutawa kafin ka kore shi? Ɗauki babba mu tafi.”

“Kai da aka haifa da guduma a hannu me ka sani a dambe?”

Ƙarshenta matsakaiciya ya ɗauka, ya ce don ja ce, ba don maganar kowa ba. Ƙugiyar da ƙwallon ke juyawa a jiki kuwa sai da ya gwada shida, yana kaɗa kowacce da yatsa ya kara a kunne, ya zaɓi wadda ba ta ƙara. Faifan kanti Jirjis ne ya ƙi shi. Ya ƙwanƙwasa ya ce wannan takarda ce, rawa zai yi ta yi ya kashe dawowar ƙwallon, abin yana son katako mai kauri da nauyi, zagayayye. Suka dubi juna, domin su biyun sun san inda irinsa yake, sun kuma sha cin abinci a kansa.

Tabliyar Fathiyya matar Usta Mitwalli ce, gajeren teburin cin abincin da ta zo da shi daga gidan ubanta ranar aurensu. Ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, ta lissafa musu 'ya'yan da ta yaye a kan teburin nan da azumin da aka sha ruwa a kansa. Da ta gaji ta dubi mijinta, ta ga yadda idonsa ke ƙyalli, rabon da ta ga haka tun kafin ciwon.

“In dai zai fitar min da kai daga gidan nan ka koma shagonka, ku haɗa har da gadon,” ta ce, ta tafi ɗauko tsumman gogewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka hau rufin gida. Jirjis ya cire wa tebur ƙafafu, ya bi bangon ɗakin tanki yana bugawa har ya sami ginshiƙin kankare, don bulo mai rami ba zai riƙe ba. Ƙa'idar kowa ya san ta, cikin ƙwallon ya yi daidai da bakin mai bugu. Ya zaro tef zai auna Usta, Usta ya ture hannunsa. Shi an riga an auna shi, da hatimi ma. Ya buɗe kati ya nuna masa tsayinsa: santimita ɗari da saba'in da takwas. Jirjis ya yi lissafinsa da lambar kati. Shi kuwa gogan ya sauka ƙasa shiryawa, ya bar Jirjis da masu taya shi suna huda bango, suna ɗaure ƙarafa, suna ɗora buhun yashi a kan faifan don ya danne rawa.

Kafin ya hawo labari ya zaga layi. Mata sun bar shanya sun jeru a rufin gidajensu, mai burodi ya hawo da gari a gemu, Subhi ma ya zo ya tsaya a bakin matakala ya harɗe hannu. Usta ya fito da singileti, hannaye a naɗe da bandeji, yana 'yar rawar ƙafa, ana tafa masa. Zuciyarsa kamar ta fito don murna. Ya isa gaban ƙwallon ya ɗaga ido, sai ya ga tana lilo can saman goshinsa. Ya ɗaga hannun hagu, hannun ya tsaya a hanya, ko kusa bai kai ba.

Tafin ya mutu. Usta ya juya kan Jirjis ya ce tef ɗinsa ne na jabu. Aka sake aunawa a gabansa, babu kuskuren ko yatsa. Fathiyya ce ta ja shi jikin bango, ta ce ya tsaya yadda yake tsayuwa kullum, ta zana gawayi a saitin bakinsa. Tsakanin zanen da cikin ƙwallon ya kusa taƙi guda.

“Katin bai yi ƙarya ba,” ta ce a hankali. “Shekara arba'in kana duƙe kan ƙarfe, Mitwalli. Ina kake zaton sauran ya tafi?”

Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya, ga ɗansa yana kallo. Duk unguwar nan ta san ya ranƙwafa, shi kaɗai ne bai sani ba. Jirjis ya matso ya raɗa masa cewa akwai akwatin lemo a ƙasa, ya hau kai ya buga kawai, gobe a gyara ba mai gani. Usta ya daɗe yana duban zanen gawayin.

“Sauke ta inda nake,” ya ce. “Wancan yaron na kati ba shi ke neman shago ba.”

Aka kwance, aka sake huda bango, mutane kuwa ba wanda ya tafi. Wannan karon ƙwallon ta tsaya masa a baki. Ya taɓa ta da dama, ta bugi katako sau uku ta dawo, hannun ya tare ta kamar jiya ya bari, ya yi dariya da ƙarfi. Ya kai hagu ya kuskure. Ya sake, ta buge shi a hanci. A na biyar ya same ta, sau ɗaya tak, amma ranar da ƙyar aka sauko da shi cin abinci.

Daga nan unguwa ta shiga uku. Da hantsi bugu, bayan la'asar bugu, azumi ya kama bai fasa ba. Mai tattabaru na gidan gaba ya kawo ƙara sau biyu cewa tsuntsayensa sun daina sauka, a zuwa na uku ya tsaya yana ƙirga masa. A kwana na sha tara hagu ta yi goma sha biyu a jere, Fathiyya ta rangaɗa guɗa daga kicin, har wasu suka zo tambayar wa ya haihu.

Saura kwana uku salla Subhi ya buɗe shagon, ya hura wuta da kansa. Usta ya ce a miƙo masa wani tsumma ya gwada. Subhi ya buɗe leda ya fito da farar rigarsa ta salla, sabuwa fil, ya shimfiɗa a kan teburin guga. Uban ya dube shi, ya guntsi ruwa ya fesa, ya ɗora ƙafa. Ƙarfen ya taso, hagu ta shiga gabansa ta miƙe yadi ta fice. Ta sake shiga ta fice. Ba da saurin da ba, amma ba ta makara ko sau ɗaya ba har aka gama.

Subhi ya karɓi rigar da zafinta ya zura a nan tsaye, ya juya wa uban baya yana fama da maɓalli, don hawaye sun hana shi ganin ramukan.

“Cire,” in ji Usta Mitwalli, yana mai da ƙarfen kan wuta. “Kwalar ba ta kwanta ba. Ba za ka fita da ita haka a ce daga shagona take ba.”