Tokar da Ta Shafe Bakan Gizo

Ban taɓa mantawa da safiyar da na ga bakan gizo a bangon aji ba, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba. A kolejin Gidan Rumji ne, bayan taron ƙasa, lokacin da yajin aiki ke bin yajin aiki. Ni ne mai kula da kayan lakol, wato makarantar. Madam Rabi, malamar kimiyya, tana tsaye bakin taga riƙe da ɗan gilashi mai faɗin akwatin ashana, launuka na zuba a kan mayafinta. Tun ranar zuciyata ta bar hannuna.

Ta ce mini, "Mushe Sani," yadda ake kiran maza ma'aikata a lakol, "kada kowa ya taɓa fuskar gilashin nan." Ban tambayi dalili ba, idanunta nake kallo.

A ƙa'ida, ba a tabbatar da sabon malami a aiki sai sufeto ya zo daga Maraɗi ya ga darasinsa. Shekara biyu tana jira. Da aka ce zai zo Laraba, darakta ya ce kome ya yi ƙyalli. Na buɗe akwatinta, na ga gilashin dishi-dishi. Don in burge ta, na ɗebo toka na dirje shi yadda innata ke wa kwanukanta.

Ranar Laraba ta tare hasken taga da shi a gaban sufeto. Bango fari fat. Ta juya shi, ta sake juyawa. Launi ko ɗaya bai fito ba, darasi ya watse.

Da aka tashi ta same ni. "Mi ka yi mishi?"

"Wanke miki shi na yi, madam. Da toka."

Ta yi wata dariya mai ciwo. "Dishin nan shi ne aikin. Zane-zane ne sirara, dubbai, ido bai ganinsu. Su ke raba haske, ja ya karkata nesa, shuɗi kusa. Ka shafe su, Sani. Gilashin taga ka bar mini."

Sufeto ya rubuta a sake duba ta baɗi. Shekarar kuwa da lakol a rufe ta ƙare saboda yajin aiki, Madam ta gaji da jira ta ajiye aiki.

Ku sababbin ma'aikata da kuka shigo aikin lakol yanzu, abin da ba ku san aikinsa ba, ku tambaya kafin ku gyara shi. Ɓarnar mai ƙauna ta fi ta maƙiyi ciwo.

Bara na gan ta a kasuwar Cadakori tana auna wa masu saye wake da tiya, furfura ta leƙo daga kallabinta. Na gaishe ta. Ta ɗago ta dube ni kamar kowane mai saye.

"Tiya nawa za a zuba, malam?"