Larabar da Na Wanke Tukunyar Jatan Lande da Toka

Ban taɓa mantawa da wata Laraba cikin watan Sha'aban ba, ranar da na yi wa wurin nan ɓarnar da ba wanda ya taɓa yi masa irinta. Ku da kuka zo daga baya, gara ku ji daga bakina.

Shekarun da aka rufe hanyar Baga ne, kifin tafki ya daina shigowa gari. Injiniya Modu ya buɗe wurin nan na haɗa tankunan kiwo a bayan gidansa a Maisandari. Shi ke zana tankin gilashi daidai da abin da mai saye zai kiwata, ƙananan kifi ko jatan lande. Oga Chidi ke yanka gilashin ya liƙe. Ni kuwa maginiyar tukwane ce tun ina budurwa, kuma duk Bulabulin ba mai gasa yumɓu kamata. Shi ya sa Injiniya ya ɗauke ni in riƙa gina tukunyar tace ruwa.

Ga yadda take. Tukunya ce mai ƙananan huji, a zuba tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, soso a sama, a nutsa ta a kusurwar tanki. Wani ɗan inji mai aiki da sola yana hura iska ta siririn tiyo, ruwa ya ratsa ta ya fito a tace. Soson ke tare 'ya'yan jatan lande, don ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Tanki ɗaya ya fi sauran daraja. A ciki iyayen jatan lande suke, waɗanda wani masunci ya kawo a jarka kafin a rufe hanya. In suka mutu, babu inda za a samo wasu. Tukunyar tankin nan ta yi wata biyar a ruwa, ta yi baƙi, ta yi yauƙi. Sau biyu Injiniya yana ce min, "Ya Falmata, wannan kada a taɓa ta." Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Larabar, mutanen wata ƙungiya za su zo ganin aikinmu, suna son tankuna ga matan sansanin gudun hijira. Injiniya ya fita ɗauko su, ya ce a gyara wurin. Na share, na goge gilashi, sai idona ya faɗa kan tukunyar. Baƙi za su tambayi wa ya gina, a nuna ni. Ni da randar ɗakina ba ta taɓa yin gansakuka ba! Na ciro ta, na dirje ta da toka ciki da waje, na wanke tsakuwar da soson, na shanya a rana, na mayar.

Chidi ya ɗago daga teburinsa. "Mama, Oga ya sani?"

"Sai na nemi izini kafin in wanke abin da na gina da hannuna? Yanka gilashinka."

Baƙi suka zo, suka yaba, har ɗaya ta ɗauki hoton tukunyar.

Juma'a da safe ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Jatan landen suka haura saman gilashi suka maƙale, iyayen suna zubar da ƙwan da suke riƙe da shi a ƙarƙashin ciki. Asabar muka fara kwashe matattu, sun koma ja. Injiniya ya ɗora laifin kan mai moyan da ke turo mana ruwa a kura. Lokacin ana fama da amai da gudawa, ana zuba magani a ruwan unguwanni, ya ce irinsa aka kawo mana. Har ya ɗauki waya zai sallame shi.

Na ce, "Ajiye wayar, Injiniya. Ruwan bawan Allah lafiya lau. Ni na wanke tukunyar."

"Da me?"

"Da toka."

Ya zauna a kan bokiti. Sannan ya yi min bayani. Ashe cikin yauƙin nan akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar da jatan lande ke fitarwa, kuma sai sun yi makonni kafin su kama tukunya. Na kashe su duka, ruwan ya koma guba.

Na ce, "Wato kamar tsohon nonon da ake ragewa a ƙwarya don sabo ya kama."

"Haka ne."

"To me ya hana ka faɗa min haka tun farko?"

"Ke me ya hana ki tambaya, Ya Falmata?"

Chidi ya ce, "Ku bari sai an jima, suna mutuwa fa."

Muka ɗebo rabin soso da tsakuwa daga tukunyar tankin ƙananan kifi muka zuba a wannan. Muka daina ba su abinci, muna sauya ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma. Kwana tara kafin ruwan ya washe. Waɗanda suka tsira ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, shida ne kawai da ƙwai. Matan sansanin sai bayan damina suka samu tankunansu, kuma ni na jawo musu wannan jiran.

A makon na koma gida na gina ƙananan tukwane biyu a madadin babba ɗaya, na kawo wa Injiniya. Na ce in ɗaya ta toshe a matse sosonta cikin ruwan tankin kansa, ɗayar na nan da nata yauƙin. Ya jujjuya su, ya sa Chidi ya faɗaɗa kusurwar tankuna. Haka muke yi har yau.

Abin da na koya shi ne tsabtar ɗaki daban, tsabtar ruwan kiwo daban. Masu ilimin aikin nan kuma sukan ba da umarni su riƙe dalilin a cikinsu, mu masu hannu girman kai ya hana mu tambaya. Saboda haka in na hana ɗayanku taɓa wani abu ban faɗi dalili ba, ya riƙe min mayafi har sai na faɗa.