Na Je Katsina In Ji Ko Alƙalamina Zai Kai Baɗi

Mun tashi daga Madarunfa da idar da sallar asuba, lokacin masunta sun riga mu shiga tafki. Mu biyu ne, ni da aminina mai gyaran radiyo. Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune da teburina gindin bishiyar bedi kusa da tasha, ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami zuwa ga ƴaƴansu masu cin rani a Kano da Ikko. Bana kuwa sai in wuni ban tsoma alƙalami a tawada ba. Kowa ya koma kaset. Mutum ya aro manyeto, akwatin nan mai ɗaukar murya, ya faɗi abin da ke ransa, ya miƙa wa direba. Na ƙudurta cewa in haka baɗi za ta kasance, zan naɗe tebur in koma gona gaba ɗaya. Aminina ya ce kada in yanke hukunci sai na ji daga bakin masu shigo da kayan. Shekara ta 1997 ke nan, saura ƴan kwanaki ta ƙare.

Daga jar hanya muka hau gudron, wato kwalta. An gama kaka, rumbuna sun cika, dabbobi na kiwo cikin karan gero. A Ɗan Issa muka sha koko da ƙosai na dala ashirin, kuɗin sefa, ƴan canji na ta kaɗa mana damin naira a fuska kamar mafici. Nan na ga abin da ya ƙara sanyaya mini jiki. Wani mai maganin basir ya ɗaura lasifika bisa kekensa, muryarsa na tashi tana kiran jama'a, shi kuwa yana zaune ƙasa bakinsa cike da waina. Kaset ke yi masa talla. Aminina ya zungure ni, ya ce: "Ka gani, Malam? Har maƙogwaro an sallama, bare alƙalami."

Mun wuce duwan, wato kwastan, lafiya, muka bi ta Jibiya da shingayenta, hantsi ya yi mana a Katsina. Aminina ya kai ni shagon wani Alhaji da yake sayen kayan gyara wurinsa, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda ke zuwa Ikko da Jidda saro kaya. Radiyo da tele da bidiyo sun kai har rufi. Da ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya sa aka kawo fura, ya gyara zama kamar mai shirin tafsiri.

Ya ce baɗi kaset ma kanta za ta fara tsufa. Ya ɗauko wani faifai mai walƙiya kamar murfin kwano ya nuna mini fuskata a ciki, ya ce wannan ba ya taunewa, ba a naɗe shi da biro. Ya ce kwandon tauraron ɗan Adam da manya ke kafawa bisa soro zai yi araha har mai shayi ya saya don tara jama'a. Ya ce ɗan kasuwar da bai kai tallarsa gidan radiyo ba baɗi, ya zauna ya ci kayansa. A Jidda kuma ya ga mutum na tafiya bisa titi yana magana da waya marar igiya, ya ga na'urar da ake buga wasiƙa cikinta ta isa wata ƙasa kafin tawadata ta bushe.

Na ce: "To Alhaji, ni fa?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Allah gafarta Malam, ka nemi fartanya mai kyau."

Na yi dariya tare da shi, don gaskiyarsa ya faɗa. Bayan azahar na sayi ƙaramin manyeto na hannu, da nufin in ba maiɗakina ta riƙa aika wa ɗanmu da ke cin rani saƙo, tunda ni na gama. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, mai araha amma barkonon ba ya wasa, muka nufi tasha.

Motar komawa ta cika maƙil. Kusa da ni wani dattijo ne mutumin Gabi, da buhun gishiri tsakanin ƙafafunsa. Gaban direba akwai kwali cike da kaset, na waƙa da na wa'azi da na saƙon mutane, duk kamarsu ɗaya, ba rubutu ko ɗigo. Da muka wuce Ɗan Issa wani ya ce a sa mana wa'azi. Direba ya laluba ya zura ɗaya.

Sai muka ji sallama, muryar wani magidanci daga Kano yana gaida mahaifiyarsa. Ya gaida ƴan uwa ɗaya bayan ɗaya har da jaki. Dattijon Gabi ya miƙe wuya, ya ce: "Wannan ai surukina ne, mijin ɗiyata." Kafin direba ya kai hannu, muryar ta ce: "Inna, aikin gadin nan ya ƙare tun damina, ga-ruwa nake yi yanzu. Don Allah kada surukina ya ji, kin san bakinsa."

Direba ya zare kaset yana ta salati. Dattijo ya daɗe yana kallon buhunsa, sannan kafaɗunsa suka fara motsi, dariya ta kuɓuce masa, mu ma muka bi.

Ya ce: "Bakina? Ni da na yi shekara bakwai ina ga-ruwa a Fagge, da shi na auri kakar ƴaƴansa." Ya juyo gare ni. "Ba kai ne mai tebur gindin bedi ba? Gobe in sha Allahu zan zo ka rubuta masa. Ka ce ya riƙe sana'arsa da kyau, ba kunya cikin halal. Amma a takarda, Malam, a liƙe. Kada a zuba ni cikin mota."

Direba ma ya ce daga yau ba zai karɓi kaset ba sai na rubuta sunan mai shi a bayanta.

Mun iso gida ana kiran magariba. Washegari dattijo ya cika alkawari, da hantsi ya zo. Labarin ya riga shi zagaya kasuwa, don bayansa mata biyu ne ke jira. Ɗaya ta ce in ɗaukar mata gaisuwa a manyeto don ɗanta ya ji muryarta, sauran maganar kuma in rubuta a cusa cikin kwalin kaset ɗin.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, Alhaji ya san kaya, kuma ban musa ko ɗaya cikin abin da ya hango ba, gaibu dai na Allah ne. Amma kowane ɗan Adam na da magana iri biyu, wadda yake so duniya ta ji da wadda yake so mutum ɗaya ya ji. Manyeto bai kai ga maiɗakina ba, yana bisa tebur kusa da tawada. Fartanya kuwa ta jira damina.